Bayan an buɗe maka ƙofar kurkuku: abin da doka ta hana ka, da yadda ake wanke suna a Kamaru

Aikina rubuta wa mutane takardu. Tebur ɗaya, benci ɗaya, a inuwar darbejiya ba nisa da kotu a nan Garwa. A da da tafireta nake yi, yanzu da wata tsohuwar kwamfuta. Ni ba lauya ba ne, amma wanda ya daɗe yana buga wa mutane wasiƙun kotu dole ya san inda takarda take wucewa da inda take maƙalewa.

Masu zuwa wurina kan maganar tsohon hukunci iri biyu ne. Akwai wanda ya ɗauka ranar da gandiroba ya buɗe masa ƙofa magana ta mutu, sai ya haɗa dosiyen neman aiki, a dawo masa da shi ba bayani. Akwai kuma wanda ya ɗauka an gama da shi har abada, ko katin ɗan ƙasa yana jin tsoron zuwa sabuntawa. Na biyun nan ya fi ba ni tausayi, don shi ya ɗaure kansa da igiyar da alƙali bai ɗaura masa ba. Abin da doka ta hana ka a rubuce yake, yana da iyaka, mafi yawansa kuma yana da ranar ƙarewa. Aikinka shi ne ka san shi daidai.

Takardu biyu kafin komai

Ranar fita za a ba ka takardar sallama, wadda a kanta aka rubuta bulletin de levée d'écrou. Mutane da yawa murna kan sa su cusa ta a aljihu, ta sha gumi, bayan wata biyu a neme ta a rasa. Kada ka yi haka, ɗan'uwa. Mafi yawan lissafin shekarun da za mu yi a ƙasa daga ranar da ke jikin wannan takarda yake farawa. Ka yi mata hoto da waya, ka yi kwafi uku, ka sa ta asali a leda, ka ba mahaifiyarka ko matarka ta ajiye a ƙasan akwati inda gara da yayyafin damina ba sa kaiwa.

Ta biyu ita ce kwafin hukuncin kansa. Ana karɓarsa a ofishin magatakardar kotun da ta yi maka shari'a, wato grefe. Ka tafi da ranar da aka yanke hukuncin, in kana da lambarsa ya fi sauƙi. In ba ka karanta Faransanci, ka sami wanda ka amince da shi ya karanta maka, kuma kada ya wahalar da kansa da shafukan farko. Ya wuce can ƙarshe, inda aka rubuta "Par ces motifs" da manyan baƙaƙe. Daga nan ƙasa ne rayuwarka take: sunan laifin da lambar sashensa, tsawon ɗaurin, ko na zama ne ko na jingine (wanda ba a shiga kurkuku sai in an sake laifi), tarar da aka ci ka, kuɗin shari'a, diyyar wanda ya kai ƙara, sannan ko alƙali ya ambaci déchéances, wato abubuwan da ake hana mai laifi, da za mu zo kansu. Sau da yawa na ga mutum ya yi shekara biyu a ciki bai taɓa jin abin da ke wannan rabin shafi ba, don ranar yanke hukunci kunnensa a kan adadin watanni kawai yake.

Wane irin laifi ne a idon doka

Kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi yanzu dokar 12 ga Yuli 2016 ce. Ya raba laifuka gida uku, kuma ba da abin da alƙali ya ba ka ake auna su ba, da iyakar abin da doka ta tanada. In iyakar ta wuce shekara 10, babban laifi ne, crime. In ta wuce kwana 10 amma ba ta wuce shekara 10 ba, ko tarar ta wuce jaka 25, matsakaici ne, délit. Abin da ke ƙasa da haka ƙaramin laifi ne.

Ga misali da ya fi yawan zuwa teburina. Sata, cin amana da damfara duk a sashe na 318 suke, shekara 5 zuwa 10, saboda haka matsakaitan laifuka ne. Amma in satar da makami ce, ko an fasa ƙofa, ko an haura katanga, sashe na 320 ya ninka hukuncin, ta koma babban laifi ko da sassauci ya sa alƙali ya ba ka shekara uku kacal. Mutum biyu sai su yi zama iri ɗaya a ɗaki ɗaya, su fito rana ɗaya, amma abin da ke biye da su ba ɗaya ba.

Abubuwa shida na sashe na 30

Su ne ake kira déchéances. Wanda suka hau kansa ba ya riƙe aiki ko muƙamin gwamnati kowane iri. Ba ya zama mai taya alƙali zama ko ƙwararren da kotu ke neman ra'ayinsa. Ba ya zama waliyyin marayu ko mai kula da dukiyar wani, in ba 'ya'yan cikinsa ba, kuma ba ya zama a majalisar dangi. Ba ya rataya lambar girma. Ba ya aikin soja. Ba ya buɗe makaranta, ba ya koyarwa, ba ya riƙe wani aiki da ya shafi tarbiyya ko kula da yara.

Ga wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai, waɗannan har mutuwa ne. Ga sauran manyan laifuka, suna nan tsawon zaman da kuma shekara 10 bayan fita, sai dai in kotun ta rage, tana da ikon saukar da su har zuwa shekara 2 ko ta ɗauke wasu. Ga matsakaicin laifi kuwa ba sa hawa da kansu. Sai alƙali ya furta su a cikin hukunci, kuma ba sa wuce shekara 5. In laifinka matsakaici ne, ka karanta rabin shafin nan ba ka ga an ambace su ba, to ba su hau kanka ba.

Biyu daga cikinsu mutanenmu ba sa lura da su sai sun yi karo. Ɗaya maganar majalisar dangi. In an yi rasuwa a gida, kafin kotu ta ba da hukuncin gado akan kai mata takardar zaman dangi, da sunayen waɗanda suka zauna da wanda aka zaɓa ya kula da dukiya ko marayu. A al'adarmu babban wa ake turawa gaba. To in babban wan nan yana ƙarƙashin sashe na 30, a sa ƙaninsa ko kawu a takarda, kada wata rana wani mai jin haushi ya tayar da maganar a rushe duk abin da aka yi. Rabonsa na gado yana nan, babu wanda ya taɓa shi, wakilcin ne kawai aka hana shi. Ɗayan kuma maganar koyarwa. Sashen ya yi faɗi, bai ce makarantar gwamnati kaɗai ba. Mai niyyar karɓar aji a Islamiyya ko ya zama mai kula da ɗakin kwanan yara, ya lissafa shekarunsa tukuna.

Ka kuma lura da abin da babu a jerin. Babu aure, babu gado, babu mallakar gona ko gida, babu katin ɗan ƙasa, babu riƙon 'ya'yanka. Je ka ka yi katinka.

Akwai wasu biyu da alƙali kan iya ƙarawa. Yana iya hana ka sana'ar da ka yi laifin a cikinta, daga shekara 1 zuwa 5. Kuma in ɗaurin ya wuce shekara ɗaya, yana iya sa ka ƙarƙashin sa ido bayan fita har zuwa shekara 5: ka zauna wuri sananne, ka amsa kira, ka sanar in za ka sauya gida ko aiki, kuma kada ka tsallaka iyaka sai da izini a rubuce. Mu da zuwa Mubi ko Yola bai fi mana zuwa kasuwar Pitoa nisa a zuciya ba, wannan na ƙarshen abin kiyayewa ne.

Waɗanda alƙali bai faɗa ba, amma suna jiranka a wasu ofisoshi

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mutum zai ce mini, "Malam, ai alƙali bai hana ni komai ba." Gaskiya ne. Sai dai wasu dokoki daban suna duba hukuncin su rufe nasu ƙofofin, ba ruwansu da abin da alƙali ya furta.

Dokar zaɓe ta 19 ga Afrilu 2012, sashe na 47, ta ce kada a rubuta sunan wanda aka yanke wa hukuncin babban laifi a rajistar masu zaɓe, ko da a bayan idonsa aka yanke. Haka wanda aka ɗaure fiye da wata 3 na zama, da wanda aka yi wa ɗaurin jingine fiye da wata 6. Wata huɗu kan rigimar fili ya isa ya raba ka da katin zaɓe. Wanda ba shi da ikon jefa ƙuri'a kuwa ba ya tsayawa takarar kansila, balle majalisa.

Aikin gwamnati yana ƙarƙashin dokar ma'aikata ta 7 ga Oktoba 1994. Ba a ɗaukar wanda aka ɗaure kan laifin rashin amana, irin su sata, jabu, damfara, cin hanci, cin amana ko wawure dukiyar gwamnati, haka wanda ya yi zaman wata 6. Abin da ya fi ciwo a nan shi ne shekarun haihuwa. Ana rufe ƙofar ƙananan matakai a shekara 30, manya a 35. Yaron da ya fito yana ɗan 24, in ya zauna jiran sunansa ya wanku da kansa, lokacin da zai wanku sau da yawa konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ya riga ya wuce shi. Shi ya sa nake matsa wa iyaye su bi hanyar kotu da zan yi bayani.

Kasuwanci kuma dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ce ke riƙe da shi, wadda Kamaru da Chadi da Nijar duk suke ciki, ban da Najeriya. Ta hana kasuwanci ga wanda aka ɗaure kan babban laifi, da wanda ya yi aƙalla wata 3 na zama kan laifin da ya shafi dukiya ko harkar kuɗi. Wurin yin rajistar kasuwanci za ka sa hannu a takardar rantsuwa cewa babu hani a kanka, sannan a ba ka kwana 75 ka kawo takardar kaziye, wato takardar da ke nuna ko an taɓa yanke maka hukunci. Kada kwanakin nan su ruɗe ka ka sa hannu a kan ƙarya. Kana da rajista a hannu yau, bayan wata biyu da rabi kana da sabuwar matsala.

Har sarauta. Dokar 15 ga Yuli 1977 da ta tsara sarautun gargajiya ta sa takardar kaziye a cikin dosiyen mai neman zama jauro, lawan ko lamido.

Kaziye: inda hukuncin yake kwana

Duk abin nan da takarda ɗaya ake gane shi. Idan hukunci ya tabbata, akan aika da katinsa zuwa grefen kotun matakin farko ta garin da aka haife ka, ba garin da aka yi shari'ar ba. Wanda aka haifa a Gidar, aka ɗaure shi a Duwala, katinsa Gidar zai koma. Yana bin mutum kamar ƙarangiya a bakin wando. Wanda aka haifa a wajen ƙasa, a ce Yola ko Njamena, nasa yana babban ma'aji a ma'aikatar shari'a a Yawunde.

Takardar kashi uku ce. Lamba 1 cikakkiya ce, ta alƙalai. Lamba 2 hukumomin gwamnati ake ba. Lamba 3 ita ce taka, kai kaɗai ake ba, ita ce kuma kowane dosiye yake nema, mai ƙasa da wata uku da fitowa. A kanta ana rubuta hukuncin ɗauri da ba a shafe ba, da kuma hukuncin laifukan tuƙi, abin da direbobi da masu babur na haya ya kamata su sani. Ana nemanta da kwafin takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da tambur. Tambur ɗin da muka saba saye jaka ɗaya ya koma jaka ɗaya da rabi tun 2023. Wanda ba shi da takardar haihuwa, kuma suna da yawa a ƙauyukanmu, sai ya fara da neman hukuncin kotu da ke maye gurbinta.

Shawarata ka je ka karɓi lamba 3 ɗinka tun ba ka da buƙatarta, ka ga abin da ke ciki da idonka. Wani zai ga an rubuta "néant", wato babu komai, alhali shekara da shekaru yana gudun ofisoshi. Wanda aka tsare yana jiran shari'a sannan aka sallame shi ba tare da an same shi da laifi ba, ko ya shekara biyu a ciki, ba mai hukunci ba ne. Wani kuma zai ga hukuncin da bai san da shi ba, an yanke a bayan idonsa, par défaut. Wannan ana ƙalubalantarsa a kotun da ta yanke, cikin kwana 10 daga ranar da aka sanar da kai a hukumance in kana cikin ƙasa. Ka nemi lauya a ranar, ba gobe ba.

Za ka haɗu da masu cewa za su samo maka fara tas a kan wasu 'yan kuɗi, ko su sauya maka garin haihuwa. Ka ba su hanya su wuce. Jabu sabon laifi ne, kuma sashe na 88 ya ce wanda ya sake laifi cikin shekara 5 bayan gama hukuncinsa, ana iya ninka masa iyakar hukuncin sau biyu. Shekaru biyar ɗin nan na farko, ko faɗan da ba naka ba ne kada ka tsaya rabo kusa.

Afuwar shugaban ƙasa ba ta goge komai

A watan Afrilu 2020, lokacin korona, Shugaba Paul Biya ya sa hannu a dokar rage wa fursunoni hukunci, mutane da dama suka dawo gida. Har yau wasunsu suna zuwa mini da cewa ai an yafe musu. An yafe musu zaman da ya rage, hukuncin kuwa yana nan a kaziye. Mai gogewa ita ce amnistie, wadda doka ce daga majalisa, kuma ba abin da mutum zai zauna jira ba ne.

Ɗaurin jingine, sursis, shi ne mai sauƙi. Alƙali yakan sa wa'adin shekara 3 zuwa 5. In wa'adin ya cika ba a sake yanke maka wani ɗaurin ba, hukuncin ya shafe da kansa. In kuwa ka sake, za ka yi na farkon, ka ɗora da na biyu.

Kuɗin da ke ƙasan shafi

Kafin mu shiga wankin suna, sai mun tsaya a nan, don a nan mafi yawan dosiye suke mutuwa. Tara, kuɗin shari'a da diyya bashi ne, fita daga kurkuku ba ya biyansu. Doka ta ba da damar a tsare mutum saboda rashin biya, in tara ce ko kuɗin shari'a daga kwana 20 har zuwa shekara 5 gwargwadon yawan kuɗin, ban da wanda bai kai 18 ba, da wanda ya haura 60, da mace mai ciki. Shi ya sa za ka ji an ce wane ya gama wa'adinsa amma har yanzu yana ciki.

Tara da kuɗin shari'a a grefe ake biya, a ba ka rasit mai hatimi. Ko nawa ka ba da, kada ka bar tagar nan ba rasit. Diyya kuma, mu Hausawa mun saba gama ta a zaure. Dattawa su taru, liman ya yi nasiha, wanda aka cuta ya ce, "Na yafe duniya da lahira," a shafa fatiha. Madalla, wannan ya yi a wurin Allah da jama'a. Amma kotun ɗaukaka ƙara, wadda za ta duba roƙon wankin sunanka, ba ta halarci zauren ba. A ranar, tun zukata suna da taushi, a rubuta yafiyar a takarda: sunansa, lambar katinsa, lambar hukuncin, adadin kuɗin, da cewa ya karɓa ko ya yafe. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a kai a buga hatimin tabbatar da sa hannu a ofishin 'yan sanda ko na magajin gari. Na ga mutumin da aka yafe wa da baki, mai yafiyar ya rasu, magada suka ce su ba su san zancen ba. Ba ƙarya suka yi ba, ba su sani ba ɗin.

Wankin suna

A takarda réhabilitation ake ce masa. Yana shafe hukuncin, ya ɗauke hane-hanen da suka biyo shi, lamba 3 ta fito fara. Hanya biyu ce.

Ta farko jira. In ba a sake ɗaure ka ba, sunanka zai wanku da kansa bayan shekara 5 ga wanda aka ci tara kawai, shekara 10 ga ɗauri guda da bai wuce wata 6 ba, shekara 15 ga wanda bai wuce shekara 2 ba, shekara 20 ga wanda bai wuce shekara 5 ba. Wanda nasa ya haura shekara 5, jira ba ya wanke shi.

Ta biyu ka roƙi kotu. Kundin tsarin shari'ar laifuka na 27 ga Yuli 2005, wanda ya fara aiki a farkon 2007, ya ba ka damar nema bayan shekara 3 in matsakaicin laifi ne, shekara 5 in babba ne, daga washegarin ranar da aka sake ka ko ranar da ka biya tara. Wanda aka yanke wa hukunci a matsayin mai maimaita laifi, shekarun sun ninka.

Mu ɗauki lissafi. A ce an ba ka wata 8 kan cin amana, babur ɗin wani ka sayar, ka fito a watan Maris 2022. In jira za ka yi, sai 2037. In kotu za ka roƙa, ƙofa ta buɗe tun Maris 2025. Tsakaninsu shekara 12 ne na rayuwar mutum, kuma abin da ya raba su wasiƙa ce da 'yan rasitai. Abin da ke ba ni mamaki, cikin masu zama a bencina ɗaiɗaiku ne suka taɓa jin akwai wannan hanya.

Wasiƙar ana rubuta ta zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati, Procureur de la République, na garin da kake zaune yanzu, ba dole inda aka yi shari'ar ba. In ni ne nake buga maka, ga abin da zan tambaye ka: cikakken suna yadda yake a takardar haihuwa, kotun da ranar hukuncin, ranar fita, sannan duk inda ka zauna tun daga fitarka, unguwa bayan unguwa. Kada ka tsallake ko ɗaya. In ka yi wata bakwai a Lagdo kana kamun kifi kafin ka dawo Yelwa, a rubuta. Akan bincika halinka a wuraren nan, ana kuma duba yadda ka zauna a gidan yari, kuma giɓi a lissafin wurare ya fi kowane abu jawo zargi.

Ka haɗa da kwafin hukunci, takardar kaziye, takardar sallama, rasitan tara da kuɗin shari'a, da shaidar biyan diyya ko yafe ta. Ni nakan ƙara abin da doka ba ta tilasta ba amma yana taimako: takarda daga maigidan da kake aiki a ƙarƙashinsa, ko tela ne ko bakanike, shaidar zama daga mai unguwa, takardar aure da na haihuwar yara in akwai. Alƙali mutum ne, yana son ya ga wanda ya zauna wuri ɗaya yana neman halaliyarsa. Wasiƙar kanta kada ta wuce shafi ɗaya, kuma kada ka sake buɗe tsohuwar shari'a a ciki. Masu cewa in rubuta "wallahi sharri aka yi mini" nakan ajiye hannu in ce musu wannan maganar lokacinta kwana 10 ne bayan hukunci, lokacin ɗaukaka ƙara. Yanzu ba a tambayarka ko ka yi, ana tambayar wane ne kai tun daga ranar da ka fito.

Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi gida. Daga nan mai gabatar da ƙara zai haɗa nasa binciken da ra'ayinsa, ya tura wa babbansa a kotun ɗaukaka ƙara: Garwa ga jihar Arewa, Marwa ga Arewa Mai Nisa, Ngaundere ga Adamawa. Kotun ce za ta sa rana ta saurare ka, kai ko lauyanka. Ka riƙa leƙawa kana tambaya cikin ladabi, da kwafinka mai hatimi a hannu, don dosiyen da ba a bibiya yakan daɗe a ƙasan tari. Wanda ba shi da halin lauya, dokar 14 ga Afrilu 2009 ta kafa kwamitin taimakon shari'a a kotuna, ana nema da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari.

Kada ka yi gaggawar kaiwa kafin shekarun su cika ko kafin kuɗin su kammala. In kotu ta ƙi, ba washegari ake sake shigar da wata ba, sai an sake jira mai tsawo.

Ka kuma san iyakar abin da za ka samu. Wankin suna ba ya mayar da kai kujerar da aka tsige ka, ba ya dawo da girman da ka rasa a aiki ko tarar da ka biya. Abin da yake ba ka shi ne damar sake nema kamar kowa.

In hukuncin ya fito, ka karɓi kwafinsa a grefen kotun ɗaukaka ƙara. A ƙa'ida su za su sanar da garin haihuwarka, amma takarda tsakanin gari da gari takan yi nawa, saboda haka ka hau mota da kwafi ɗaya ka kai grefen can da kanka. Bayan 'yan makonni ka nemi sabuwar lamba 3 ka duba. In ta fito fara, sai ofishin hukumar zaɓe, ELECAM, na gundumarka da ita da katin ɗan ƙasa. Rajistar masu zaɓe tana buɗewa 1 ga Janairu, a rufe 31 ga Agusta, a shekarar zaɓe kuma ana rufe ta tun ranar da aka kira masu jefa ƙuri'a.